Takalmin da Kawu Bai Caje Ba

Kawuna mai gadi ne. Kamfanin sabulu ya yi masa ritaya da daɗewa, amma har yau babu wanda ya iya fahimtar da shi cewa aikin ya ƙare. Tun ina yarinya na san shi a bakin get, cikin kaki mai karin guga, usur a wuya, sanda a hammata, ga baƙin takalmin but a ƙafa yana sheƙi, wanda in kin leƙa za ki iya gyara ɗaurin kallabinki a jikinsa. Uwata ƙanwarsa ce ciki ɗaya, amma ita ma ta sha caje ranar da ta kai masa abinci wajen aiki. Ya buɗe kular, ya juya shinkafar da cokali, ya tabbatar babu komai a ƙasa, sannan ya ce mata sannu da zuwa.

Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma duk wanda ya sha shayi da shi ya ji shi: duk shekarun da ya yi a get ɗin nan, ko gutsuren sabulu bai fita a sace ba, ko allura ba ta shiga ba sai ya gan ta. Mu 'yan gida mun haddace maganar, har mukan riga shi ƙarasawa.

Ranar da aka sallame shi, kamfani ya karɓe kaki da sanda, ya bar masa usur da takalmi. Ina jin babu wanda ya yi ƙarfin halin cewa ya tuɓe. An sake wa takalmin nan tafi, an sake masa dunduniya, an sake igiya, har mai gyaran takalmi ya ce shi dai bai san abin da ya rage na asali ba. Kawu ko a jikinsa. Kullum da safe, kafin ya sa komai a baki, sai ya zauna a ɗan benci a tsakar gida da burushi da gwangwanin mai, ya goga, ya ɗaga wa rana ya duba, ya sake gogawa. Inna, matarsa, takan ce da ita ake shafa wa mai haka, da har yanzu samari na tare ta a hanya.

Watannin farko na ritayar, Inna ce ta ji a jikinta. Ta dawo daga kasuwa, ya tare ta a bakin ƙofa ya ce ta sauke kwando. Ta fito da shara, ya ce sai ya ga abin da ke ciki.

"Malam, gidana ne fa," in ji ta.

"Ai shi ya sa. Na gida su suka fi sanin hanya."

Da ta ga zai haukata ta, sai ta sayo kaji, ta sa kafinta ya kafa akurki na katako da waya a bayan ɗakin girki, ta sa kwaɗo, ta damƙa masa makulli.

"Ga ma'aikata nan," ta ce. "Ka tsare su, ka ƙyale ni in sha iska."

Bai ɗauki maganar da wasa ba. Kafin mako ya zagayo ya raba muƙamai. Wata ramammiyar kaza mai kallon kowa da gefen ido ta zama Akanta. Wata fara mai yanga, da ba ta taka jiƙaƙƙen wuri, ta zama Sakatariya, kuma ita ce 'yar lelen Inna. Wadda ke zabura a guje tana karo da waya ba gaira ba dalili, ya sa mata Direba. Sauran tarkacen duk leburori ne. Zakara kuwa, wani jibgegen ja mai tafiyar ƙasaita, shi ne Manaja.

Akwai dalili. Manajan gaske na kamfanin sabulu, duk tsawon zaman Kawu a get, bai taɓa amsa masa gaisuwa ba. Kawu zai ƙame ya sara, mota ta wuce gilashi a rufe. Yanzu ga Manaja a bayan waya, yana jiran Kawu ya buɗe masa ƙofa. Da safe sai ya tsaya gaban akurki, ya haɗa dunduniya, ya sara, ya ce, "Barka da asuba, ranka ya daɗe." Zakara ya miƙe wuya ya yi cara. Kawu ya juyo ya dube ni, fuskarsa fal murna.

"Kin ji, Malama? Wannan yana amsawa."

Malama yake ce mini saboda ina koyarwa a firamare. Gidana ba nisa, kusan kullum nakan biya in gaishe su in na taso. Na yi dariyar abin Manaja har na gaji, amma gaskiya ban taɓa ganin Kawu cikin farin ciki kamar lokacin ba. Ya yi ƙiba, ya daina caje kwandon Inna, har waƙa aka ji yana yi ƙasa-ƙasa wajen zuba dusa.

Ana nan sai labarin murar tsuntsaye ya iso. An ce ta share wata babbar gonar kaji a bayan gari. Likitar dabbobi, wata doguwar mata mai tabarau da ba ta son jan magana, ta tara masu kiwon unguwa a rumfar mai sayar da abincin kaji. Kawu ya ja ni muka tafi, wai ko za a yi boko in fassara masa. Ba a yi boko ba. Matar ta yi bayani dalla-dalla.

"Cutar nan a jikin agwagin daji take zaune," ta ce. "Su sau da yawa ko tari ba ta sa su. Suna yawo da ita daga tafki zuwa tafki, suna barinta a kashinsu da ruwan da suke wanka. In ta faɗa jikin kaza, da farko baƙuwa ce, ba ta san kan wurin ba. Amma duk sanda ta hayayyafa, sai a samu 'ya'yan da suka ɗan bambanta da uwarsu. Wanda ya fi dacewa da jikin kaza shi ke ɗorewa, shi ke tsallakawa kan kaza ta gaba. Daga wannan zuwa waccan, ga su a cunkushe wuri ɗaya, har ta goge. In ta goge, sai dai ku wayi gari kuna kwasar gawa. Wata ma ta riga ta goge a gonar wasu, ta koma jikin tsuntsayen daji, su kawo muku ita da gwanintarta."

Kawu ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

"Likita, wato ɓarawo ne mai koyon gida. Mun yi irinsa a kamfani. Ya fara zuwa neman ruwan sha. Da ya dawo ya san sunan mai shara. Kafin a ankara ya samo rigar leburori, yana ce mini Baba ya aiki. Ni kuwa na kama shi da sabulu ɗaure a cinya."

"Kusan haka ne, Baba," in ji Likita. "Sai dai wannan ba ya gaisuwa. Taya yake bi, da kwando, da hannu, da takalmi."

Da ta ce takalmi, sai na ga Kawu ya sunkuya yana bin ƙafafun mutanen rumfar ɗaya bayan ɗaya da ido, yana gyaɗa kai. Ya dubi na kowa, har na Likita, ban da ƙafa biyu da ke ƙarƙashinsa.

Washegari gidan ya koma bariki. Likita ta ce a rufe saman akurki kada tsuntsaye su sauka, sai Kawu ya tattaro tsofaffin gidajen sauro na dangi, ya sa tela ya haɗe su, ya lulluɓe tsakar gidan gaba ɗaya. Shanyar Inna ta daina bushewa da wuri, hayaƙin girki ya rasa hanyar fita. Likita ta ce a ajiye baho da ruwan magani a ƙofar akurki don tsoma ƙafa, sai ya ajiye biyu, ɗaya a can, ɗaya a ƙofar gida. Ya saya wa Inna silifas na roba, ruwan hoda mai fure a sama, ya rataye a ƙusa, ya ce da shi kaɗai za ta riƙa shiga wajen ma'aikata.

Mai duba mitar lantarki ya tsoma ƙafa, ya kuma tsoma tayoyin kekensa ɗaya bayan ɗaya yana ƙunƙuni. Surukinsu da ya zo gaisuwa cikin manyan kaya ya tattare riga ya tsoma. Kyanwar gida ta ƙi tsomawa, aka kore ta daga aiki. Wata 'yar gwara ta sami ɓula a raga ta shigo, Kawu ya bi ta da usur da tsintsiya, ya kifar da tukunya, ya taka wutsiyar kyanwar da ta dawo ɗaukar fansa.

Ni kuma na zo da sabon takalmina mai tsini, ruwan zuma, wanda na saya musamman don taron iyayen yara.

"Kawu, wajen Inna na zo, ba wajen Manaja ba."

"Kowa haka yake cewa. Tsoma."

"Fata ce fa, Kawu."

"Cutar ma ba ta ƙi fata ba. Tsoma."

Na tsoma. Kafin in kai gida fatar ta tashi kamar ɓawon albasa. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci, kuma na gaya masa ko na yafe masa komai, wannan sai na yi shawara.

Mutum ɗaya ce ta ji daɗin wannan hauka, ita ce maƙwabciyarsu da ake kira Mai Ƙwai. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kuma kajinta ne ke ciyar da gidan. Katanga ɗaya ce tsakaninsu da Kawu. Takan leƙo ta ce, "Baba, Allah ya ƙara ƙarfi, in kun tsira mun tsira." Shi kuma ya ƙara buɗe ƙirji.

Da a nan ya tsaya, da ban sami labarin ba ku ba. Amma Kawu ya ce mai gadin da ya tsaya a get kawai rabin mai gadi ne, dole sai ka san fuskar abokin gaba. Akwai wani tafki bayan wurin masu buga bulo, inda agwagin daji ke sauka. Sai ya ƙirƙiro sintiri. Da gari ya waye, ya gama gaisawa da Manaja, sai ya ɗaure but ya nufi tafki. Ya zagaya bakin ruwa cikin taɓo, yana busa usur, yana nuna agwagi da yatsa. Masu bulo sun ce har jawabi yake yi musu.

"Na san ku, na san abin da kuke ɗauke da shi. Ke mai koren wuya, jiya ma na gan ki. Duk wadda na gani a unguwarmu, ta kuka da kanta."

Agwagi su ɗan matsa tsakiyar ruwa, su juya masa baya su ci gaba da wanka. Shi kuwa ya dawo gida da rahoton cewa abokan gaba sun ja da baya.

In ya dawo, sai ya zauna a dakalin ƙofar gida, ya zaro tsumma da burushi daga aljihu, ya goge saman takalmin har ya dawo da sheƙinsa. Sannan ya miƙe, ya ɗaga ƙafa, ya tsallake bahon farko. Ya ratsa tsakar gida, ya tsallake na biyu, ya shiga akurki duba ma'aikata.

Inna ta gani tun ranar farko.

"Malam, ka tsallake baho."

"Na gani."

"To kai fa?"

"Ni fa me? Kin taɓa ganin inda aka caje mai gadi? Wa zai caje shi, get ɗin?" Ya miƙo mata ƙafa. "Kuma dubi nan. Wace cuta ce za ta iya tsayawa a kan wannan? Ai zamewa za ta yi ta karya ƙugu."

Ni ma na sa baki, kuma ba zan ɓoye ba, haushin takalmina na ciki.

"Kawu, ƙasan fa? Shi ne ke taka kashin agwagi."

"Malama, ki tsaya a kan alli da allo. Na yi fareti a kamfani tun ba a haife ki ba. Shugaban masu gadi yakan bi layi yana duba takalma, ban taɓa ganin ya ce wani ya ɗaga ƙafa ba. Sama ake dubawa."

Gaskiyar magana, ya san ruwan maganin nan zai cinye masa mai, ya ga abin da ya yi wa nawa. Ya gwammace ya ƙirƙiro doka da ya ga but ɗinsa ya yi fari-fari. Muka yi ta fama, ya ƙeƙasa ƙasa, har muka gaji muka sa masa ido.

Direba ce ta fara. Wata safiya aka buɗe ƙofa ba ta zabura ba, ta tsaya a lungu ta saki fukafukai. Kawu ya ce ta gaji ne, ya ba ta hutu. Kafin rana ta faɗi ta mutu. Washegari leburori suka bi, wasu a kwance, wasu kai a kumbure, ƙwai ya ɗauke. Akanta ta daina kallon kowa da gefen ido, ta rufe idon gaba ɗaya. Na zo na tarar da Kawu tsaye gaban waya, usur a hannu, bai san wanda zai busa wa ba.

Labari ba ya ɓuya a unguwarmu. Kafin azahar dillalin kaji ya iso, ya tsoma ƙafa da kansa ba a ce masa ba, abin da ya nuna mini da wata a ƙasa. Ya ja Kawu gefe yana magana ƙasa-ƙasa, amma muna ji.

"Baba, waɗanda ke tsaye da ƙafafunsu, a ba ni yanzu in kai kasuwa. Kafin yamma sun watsu gidaje, babu wanda ya san daga inda suka fito. In hukuma ta ji, ko gashinsu ba za ka gani ba."

Kawu ya dube shi tun daga hula har ƙafa, sannan ya sa usur a baki ya busa masa a kunne. Dillali ya fita bai ko nemi kauce wa baho ba, ya shiga cikinsa da ƙafa biyu ya kifar.

Muna cikin gyara baho sai ga Inna ta fito da mayafi, kwando a hannu an rufe shi da zane. Tana tafiya tana kallon sama kamar mai duba hadari. Kwandon ya yi ɗan motsi.

"Sauke kwando," in ji Kawu.

Na sha jin wannan magana a gidan, kullum da dariya muke ƙarewa. Ranar babu wanda ya yi dariya.

"Malam, Sakatariya ce kawai. Lafiyarta ƙalau, ka ga ma ta ci abinci. Gidan ƙanwata zan kai ta ta kwana biyu."

"Ƙanwarki tana da kaji."

"Zan sa ta a ɗaki."

"Ba ki ji Likita ba? Haka ɓarawon yake koyon gida, daga wannan zuwa waccan. Mu ya gama koyon namu." Ya nuna katangar Mai Ƙwai da haɓa. "Ga marayu can. Gadi biyu ne, Inna, akwai na shiga akwai na fita. Ban san ta inda aka yi na farko ya kuɓuce mini ba. Na biyu yana hannuna, kuma ko gashi ba zai fita gidan nan ba."

Inna ta ajiye kwandon tana share ido da bakin mayafi. Shi da kansa ya mayar da Sakatariya, ya kulle, ya juyo ya ce in kira masa Likita.

Ta zo da safar hannu da takunkumi, ta sa tsinke mai auduga a maƙogwaron kajin, ta zuba a 'yan kwalabe. Manaja yana tsaye a kan sandarsa, zankonsa ya yi duhu, ranar bai yi cara ba. Da ta gama ta yaba ragar, ta yaba baho, sannan ta tambaya wa ke shiga akurkin. Kawu ya ƙame ya ba da rahoto. Ya faɗi mai mita, ya faɗi suruki, ya faɗi kyanwa, ya faɗe ni da takalmina. Ya ce babu mahaluƙin da ya wuce bai tsoma ba.

"Kai fa, Baba, kana zuwa wani wuri?"

Nan fuskarsa ta ɗan washe. Ya ba ta labarin sintiri, da taɓo, da mai koren wuya, da yadda abokan gaba ke ja da baya. Likita ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Baba, zauna a bencin nan. Ɗaga mini ƙafa."

Ya zauna. Ina jin tun da aka yi takalmin nan, ban da mai gyara, ba a taɓa ganin ƙasansa ba. Ta ɗauki tsinke ta bi ramukan tafin. Busasshen taɓo ya riƙa zubowa, kore-kore, da ɓurɓushin dusar akurki a manne a kansa. Can sai ta zaro wani ɗan ƙaramin gashin tsuntsu, mai ruwan toka, wanda babu kaza ko ɗaya a gidan mai irinsa. Ta riƙe shi a gabansa.

"Ba zan rantse cewa nan ta bi ba," ta ce a hankali. "Amma da ni ce ita, nan zan bi."

Inna ta daɗe tana tanadin "ai na faɗa maka". Ni kuma ina da jawabi guda a kan takalmi ruwan zuma, na tsara shi tun tuni. Muka dubi Kawu zaune, ƙafa a sama ya manta bai sauke ba, yana kallon ɗan gashin nan. Tausayinsa ya kama mu, kowacce ta haɗiye tata.

Manaja bai jira sakamakon gwaji ba. Washegari da safe Kawu ya je ya haɗa dunduniya, ya sara, ya ce barka da asuba, ya tarar da shi a ƙasan sanda a mace. Inna ta ce ya daɗe a tsaye hannu a goshi, kamar yana ba shi dama ya amsa.

Da sakamako ya fito, murar ce. Ma'aikatan hukuma suka zo a mota cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, kamar 'yan sama jannati, da buhuna da injin feshi. Sun riga sun yi feshi a jikinsu a waje, amma Kawu ya tsare ƙofa ya nuna baho, suka tsoma ɗaya bayan ɗaya ba musu. Shi ya buɗe musu kwaɗo da makullinsa. Inna ta shige ɗaki ta rufe, ba ta son ganin Sakatariya. Ba a daɗe ba aka gama kashe kajin aka zuba a buhuna, don waɗanda suka rage ba su da yawa.

Suna shirin ɗaure buhun ƙarshe sai Kawu ya ce su dakata. Ya zauna a benci ya fara kwance igiyar takalminsa. Wani daga cikinsu ya gane abin da yake nufi.

"Baba, wannan ai ba sai an binne ba. In aka jiƙa shi a magani aka wanke, shi ke nan."

"A kamfani," in ji Kawu, "in aka kama mai gadi da hannu a sata, korarsa ake yi. Ba wanka ake yi masa ba."

Ya zare ɗaya, ya zare ɗaya, ya haɗa su daidai, ya sa a buhun da hannunsa. Ban taɓa ganin ƙafafun Kawu ba sai ranar. Farare ne, masu laushi kamar na jariri, ya taka siminti yana ɗingishi. Ya raka motar har bakin ƙofa, ya ƙame babu takalmi, ya sara har ta sha kwana. Da ya juyo, Inna na tsaye da silifas ruwan hoda mai fure, an wanke shi da magani yana ɗiga. Ta ajiye masa a ƙasa. Ƙafarsa ta fi shi tsawo, amma ya sa.

Likita ta ce a bar akurkin babu komai na wani lokaci, kada wani abu daga cikinsa ya fita. Kawu ya ɗauki bencinsa ya kafa a ƙofar, ya yi gadin akurki wayam safe da yamma, cikin silifas mai fure. Mai lambu ya zo neman takin kaji, ya kore shi. Kafinta ya nemi tsohon katako, ya kore shi. Mutanen unguwa na wucewa suna leƙe suna ƙunshe dariya, ni ma na yi, ba zan yi ƙarya ba. Aka gwada kajin Mai Ƙwai, aka sake gwadawa, babu komai. Na ƙanwar Inna ma suna nan har yau suna tone mata fulawa.

Da Likita ta ba da izini, Mai Ƙwai ta shigo da kwali cike da 'yan tsaki, ta ce ba saye ba ne. Ta tsoma ƙafa, Kawu ya caje kwalin, ya ɗaga kowane ɗan tsako ya duba ƙasan ƙafarsa, sannan ya ce an ɗauke su aiki. Da suka tasa ya raba muƙamai. Akwai sabuwar Akanta, akwai Direba, Inna ta zaɓi Sakatariyarta. Akwai zakara ma, baƙi mai kyau, na tambaye shi ko shi ne Manaja.

"Muƙaddashi ne," ya ce. "Kujerar tana nan. Ba a cike ta da gaggawa."

Ya bar sintiri, ya ce agwagi su ji da kansu. Yanzu kullum da safe yakan tsaya gaban baho ya ƙwala wa Inna kira. Ta fito tana goge hannu, ya ɗaga hannuwa sama, ta laluba aljihunsa, ya ɗaga ƙafar dama, ya ɗaga ta hagu, ta duba ta murtuke fuska. Wani lokaci takan ce bai fita ba, ya sake tsomawa, don dai ta rama na kwandon kasuwa. In ina nan nakan ce a ƙara na uku saboda takalmi ruwan zuma. Yakan kuwa sake tsomawa.

An yi an yi ya sayi wani but, ya ƙi. Surukinsu ma ya kawo masa sabo a kwali, yana nan ƙarƙashin gado. Ranar nan na yi sammako zan wuce makaranta, na leƙa in gaishe su. Na same shi a ɗan bencinsa, gwangwanin mai a gefe ko buɗe shi bai yi ba, burushi a hannu. Ya kife silifas ɗin a kan gwiwarsa, furen na kallon ƙasa, yana bin ramukan tafin ɗaya bayan ɗaya yana gogewa.